Zuwana Madina Neman Gaskiyar Wasan Sarkin Turawa

Talata: daga gida zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito, jakata a kafaɗa, rikoda da kaset shida a cikinta. Inna ta rako ni har zaure, ta ce, "Yusha'u, in ka je ka gaishe min da Manzon Allah. Ɗaya maganar kuwa, in ba ta samu ba kada ka sa wa ranka." Na ce to. Muka yi salla a tasha, mota ta cika biyar da kwata, muka kama hanyar Kano.

Ɗaya maganar ta mahaifina ce, Malam Ilu. Malamin makarantar midil ne a garinmu zamanin Turawa. Shekarar da aka gama yaƙin duniya na biyu, Baturen makarantar ya shirya wani tsohon wasan kwaikwayo na ƙasarsu mai waƙe-waƙe, a kan wani sarkinsu na dauri. Mahaifina ne ya mai da waƙar ƙarshe Hausa, shi ya kuma ja baki. Tun ranar mutanen gari suka laƙaba masa maroƙin Nasara. Ba a jima ba aka tura shi makarantar ƙauye, a can ya ƙare aikinsa, har ya rasu bai taɓa ce mana uffan ba. Ni da na zama malamin tarihi, har yanzu in na wuce wasu dattawa sai in ji an ce ɗan maroƙin nan ne. Bara da aka tashi sa wa azuzuwan sabuwar makarantar garinmu sunayen tsofaffin malamai, aka tsallake nasa. Ana cikin haka Hadi, ɗan kawuna da ke karatu a jami'ar Musulunci ta Madina, ya rubuto ya ce ya gamu da wani dattijo, Alhaji Mudi, wanda suka koyar tare da mahaifina. Shi ya sa na nemi bizar Umra.

Jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe ɗaya da minti ashirin, muka sauka Jidda bayan magariba ta can. Mai bincike ya ɗaga rikodata ya ce, "Aghani?" wato waƙoƙi. Na ce masa da Larabcina na makaranta babu komai a kaset ɗin, labarin wani dattijo zan ɗauka. Ya sa ɗaya ya saurara, ya ji shiru, ya miƙo min. Na kwana a wani masaukin Hausawa, mu huɗu a ɗaki, fanka tana ta kaɗa zafi.

Laraba: hanyar Madina

Bakwai na safe muka tashi, mu shida a tasi, tafiyar kilomita ɗari huɗu da ɗoriya. Direban baƙi ne kamata, sai na gwada shi da Hausa. Ya yi murmushi ya amsa da Larabci. Ya ce kakansa daga Damagaram ya zo da ƙafa, shi yana ji sarai amma harshen ya yi masa nauyi. Haka muka yi ta yi, ni Hausa shi Larabci, teku tana leƙowa ta hagu.

Muka wuce Rabig, sha ɗaya saura muka tsaya Mastura muka ci soyayyen kifi da shinkafa, riyal goma, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Muka yi azahar a Badar, daga nan hanya ta shiga duwatsu. Dab da Madina akwai shinge inda ake duba takardu, askar, wato sojan da ke gadin wurin, ya kalli fasfona ya kalle ni ya ɗaga hannu. Ƙarfe uku da rabi na hango hasumiyoyin Masallacin Annabi. Duk shirin da na yi na abin da zan faɗa ya ɓace, sai salati kawai.

Hadi ya tarye ni a tasha, ya kai ni ɗakinsa na ajiye kaya, muka tafi ziyara. Na isar da gaisuwar Inna.

Alhamis: Sultana da Ranuna

Da hantsi muka nufi unguwar Sultana, inda Hadi ya san Alhaji Mudi da shagon ɗinki. Muka tarar da wani yana sayar da agogo a wurin. Hadi ya tambaye shi ina telan. Mai agogon ya ce tsohon ya bar ɗinki tun da idonsa ya yi rauni, ya koma Ranuna kusa da Ƙuba, a tambayi gidan Mudi hayyaɗ, wato tela. Muka shiga bas, muka sauka, muka yi ta tambaya har azahar ta kusa.

Gida ne ƙarami da dabino biyu a tsakar gida. 'Yarsa ta amsa sallama daga bayan ƙofa, ta ce, "Tafaddalu," wato mu shigo. Dattijon yana zaune a kan darduma, siriri, fari tas da furfura. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ɗan Malam Ilu ne. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ilu yana nan?"

"Ya rasu, Baba, shekara tara ke nan."

Ya yi masa addu'a mai tsawo. Aka kawo shayi da dabino. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ɗana, ni da ubanka mun yi alkawari a kan maganar nan. Shekara talatin da bakwai ban buɗe baki ba. Ka sha shayinka."

Na ce, "Baba, an tsallake sunansa a garinmu. 'Ya'yana sun fara tambayata me kakansu ya yi."

Ya juya finjali a hannunsa. Can ya ce, "Gobe Juma'a zan tambayi malamina a Harami. Ka dawo jibi. In ya ce a'a, to a'a ce."

Juma'a

Ban iya cin abin kirki ba. Hadi ya sayo gurasar tamis da wake, na taɓa na bari. Tun tara na safe na samu wuri a masallaci, na roƙi Allah in gaskiyar mai ɗaci ce Ya ba ni ƙarfin ɗauka, don ni kaina ban san abin da zan ji ba.

Asabar: labarin wasan

Takwas da rabi muna ƙofar gidan. Alhaji Mudi ya ce, "Kunna na'urarka. Malam ya ce alkawarin don kare yara aka yi shi. Yaran sun yi jikoki, Turawan sun tafi, kuma wanke mamaci daga zargi lada ne."

Ya fara da wasan kansa, yadda Baturen makaranta ya koya musu, ni kuma ina cike masa da abin da na karanto a ɗakin karatu. Wasan ya kusa shekara ɗari uku. Wani babban mawaƙin Ingila ne ya tsara baitocinsa don ya faranta wa sarkin zamaninsa, amma sarkin ya mutu ba a nuna ba. Ƙanensa ya hau, aka kore shi, aka ɗauko wani daga ƙetare. Mawaƙin ya rasa muƙaminsa na fada, dole ya zauna ya yi wa wasan kwaskwarima don kada ya ɓata wa sabon sarki, sannan wani gwanin kiɗa ya sa masa amo aka nuna a Landan. Makaɗin ya mutu da ƙuruciya, takardun kiɗan suka warwatse, na baya suka yi ta tsintowa suna haɗawa, kowane zamani da irin ƙarinsa. Duk lokacin da mutanen Ingila suka so su tuna wa kansu su wane ne, sai su kakkaɓe shi su fito da shi.

"Har da wani wuri," in ji Alhaji Mudi yana dariya, "da aka sa yara su yi waƙa suna karkarwa wai sanyi ya daskare su. A watan bazara, gumi na zuba."

Labarin wasan kuwa, wasu baƙi ne suka ƙetaro teku da makamai suka mamaye ƙasar sarkin, har shugabansu ya sace makauniyar da sarkin zai aura. Aka yi ta gwabzawa, da mayaƙa da bokaye, sarki ya ci nasara, ya yafe wa shugaban baƙin a kan ya kwashe mutanensa su koma inda suka fito. Sai a rufe da waƙar yabon tsibirinsu.

"Baturen nan mutumin kirki ne, amma bai ga abin da ke gabansa ba," in ji Alhaji Mudi. "Ya ce wa Ilu ya mai da waƙar nasara Hausa don mutanen gari su ji daɗi. Ilu ya kawo min takardar a ɗakin malamai ya ce, Mudi, karanta. Na karanta na ce, Ilu, za ka ja mana. Ya ce, ni ban ƙara musu komai ba, abin da wasansu ya ce na faɗa. Tsibiri kawai na mai da ƙasa, tunda mu ba mu da tsibiri."

Ranar wasa Razdan ya zo da manyan Turawa suka zauna a gaba. Mutanen gari an tsayar da su can bayan igiya, nesa da dandali, ba sa jin komai sai ƙarar badujala. Abin da suka gani shi ne Malam Ilu tsaye gaban Turawa yana kaɗa hannu yara na waƙa. Yaran kuwa sun gane sarai. Maimakon sau ɗaya, sau uku suka maimaita, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Razdan yana jin Hausa kamar jakin Kano. Bai tafa ba.

Washegari aka kira mahaifina. Aka ce ko dai ya tafi ƙauye ya rufe bakinsa har abada, ko a kori manyan ɗalibai goma sha biyu da suka yi waƙar, ga jarrabawa saura wata biyu. Ya zaɓi ƙauye. Ya ba Mudi littafin da ya rubuta waƙar a ciki don kada a same shi in an bincike gidansa, suka yi alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba. Da aka fara kiransa maroƙi, Mudi ya so ya yi magana, mahaifina ya ce, "Bar su. Sunana ai bai kai yaro goma sha biyu ba."

Dattijon ya kira 'yarsa ta ɗauko wata tsohuwar adaka. Ya ce littafin ya bi shi ta Chadi da Sudan, a mota da a ƙafa, ya ƙetare teku a cikin rigarsa. Ya miƙo min. Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, bangonsa ya ƙoƙe, rubutun mahaifina ne da na sani tun ina yaro. Na karanta a fili:

Baƙon da ya zo ta ruwa da makami,
Ya ci gonarmu ya ce tasa ce,
Ga jirginka can a bakin gaɓa,
Ƙasa ta koma ga masu ita.

Na miƙa wa Hadi littafin ya ƙarasa sauran. A shafin ƙarshe ga sunayen yaran sha biyu. Uku daga ciki na san su, ɗaya ma yana cikin kwamitin makarantar garinmu.

Na ce, "Baba, ko za ka rera min in ji amonta?"

Ya girgiza kai. "A garin Manzo ba na waƙa, ɗana. Kuma gaskiya ma amon ya gudu. Kalmomin dai ga su nan, ka kai su gida."

Kaset huɗu muka cika. Ya hana mu tafiya sai da muka ci shinkafa da naman rago, ya kuma sa hannu a takardar shaida da Hadi ya rubuta.

Makka da komowa

Litinin bayan asuba na ɗaura harami a miƙati, muka isa Makka da la'asar. Na yi Umra, bayan kwana biyu na sake yi wa mahaifina, ban taɓa jin jikina sakayau kamar ranar ba. Asabar jirgi ya sauke mu a Kano ƙarfe sha ɗaya na safe, huɗu da rabi ina gida.

Kafin mako ya zagayo na kai kaset da littafi gaban kwamitin makaranta. Dattijon nan da sunansa ke shafin ƙarshe ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙe ya ce duk gaskiya ne, shi ma yana cikin waɗanda suka yi waƙar, an gargaɗe su su yi shiru, daga baya kuma kunya ta hana shi magana. Ya nemi gafararmu a gaban jama'a. A zaman nan aka sa wa babban ɗakin taro na makarantar sunan Malam Ilu.

Amma tun ranar da na dawo, bayan an watse daga yi min barka, na zauna a ɗakin Inna na karanta mata baitocin. Ta ce in sake, a hankali. Ina cikin na biyu sai na ji tana bin kalmomin da wani amo, ƙasa-ƙasa, yana hawa yana sauka daidai da su. Na tsaya ina kallonta.

Ta ce, "Ashe wannan ce. Kullum in yana gyaran kekensa da ita yake guna-guni, ba kalma ko ɗaya. Na ɗauka ta mutanen ƙauyen ce." Ta gyara zama. "Ɗauko na'urar taka, kafin ni ma ta gudu min."

Na sa kaset na biyar, ta rera tun daga farko har ƙarshe, jikokinta na tsaye a bakin ƙofa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni lafiya Ya komo da ni da abin da na je nema. Allah Ya saka wa Hadi da ya yi ta yawo da ni a rana, Ya ba Alhaji Mudi kyakkyawan ƙarshe a garin da ya zaɓa, Ya jiƙan Malam Ilu.