Ƙananan Hotuna Guda Biyu

Yatsu ake ce mata tun tana makarantar koyon buga takardu. Malamin da ya raɗa mata sunan ya ce bai taɓa ganin hannun da ke gudu a kan tafireta kamar nata ba, ga shi ba ta kallon madannai, ba ta kuskure. Sunan ya bi ta har gida. Yanzu 'ya'yan yayanta Gwaggo Yatsu suke ce mata. Mahaifiyarta ce kaɗai ta ƙi kama sunan.

Tana da shekara huɗu risho ya faɗo mata. Inna ta ɗora shi a kan tebur ta fita shanya, yarinya ta ja ƙyallen teburin. Wutar ta ci kuncinta na hagu daga gefen ido zuwa ƙarƙashin haɓa, ta ɗan janyo gefen bakin ƙasa, ta bar fatar tana sheƙi kamar ledar da ta sha zafi. Ido ya tsira, kunne ya tsira, likita ya ce an yi sa'a. Shekara talatin da biyar ke nan, kuma har yau Inna ba ta iya zama ta hagun 'yarta. In za su ci abinci sai ta zagaya.

Yatsu ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta gama koyon buga takardu ita ce ta ɗaya, sannan ta sami zama a wani shago a bakin titin da motocin haya ke tsayawa. Ɗaki guda ne: kwamfuta biyu, injin kwafi da ke cinye takarda in ya yi zafi, benci na masu jira, da fanka mai ƙara. Ranar da ta fara, mai shagon ya juya teburinta yadda damanta zai kalli ƙofa, hagunta ya kalli bango. Bai faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. A haka teburin ya shekara goma sha bakwai.

Yawancin aikinta takardun neman aiki ne na mutane. Yaro zai zo da rubutu kamar kaji sun yi dambe a kan takarda, ta gyara masa, ta tsara, ta cire ƙaryar da ta yi yawa ta bar wadda za ta shige. Da yawa sun samu. Wasu sukan dawo su yi godiya, wasu in sun gan ta a titi sai waya ta ɗauke musu hankali. Haka kuma masu ɗaukar aiki kan aiko masinja da sanarwa a buga musu, kuma kusan kowace da layi ɗaya take ƙarewa: a haɗo da ƙananan hotuna guda biyu na kwanan nan. Layin ya zauna mata a hannu, ko tana hira yatsunta kan buga shi da kansu.

Ita ma ta nema. Ta daina ƙirgawa bayan ta wuce arba'in. Ba wai ana kiran ta ne a gwada ta ta faɗi ba. Ba a taɓa kiran ta ba, ko sau ɗaya.

Wanda ya buɗe mata ido wani tsoho ne da ake kira Baba Akawu, wanda ya yi ritaya bayan shekara talatin a ofis, ya koma rubuta ƙorafi a kan kwata da fitilun titi. Duk mako yana kan bencin. Wata rana yana jira ya ga tana liƙe ambulan ɗinta, sai ya fara ba da labari kamar da fankar yake magana. Ya ce in guraben aiki biyu ne, ambulan ɗari uku suka zo, babu mai karantawa. Mai farkewa hoton da aka maƙala a kusurwa yake kalla, ya jefa dama ko hagu. Kafin shayi ya huce an gama. Tarin dama ake kai wa manya. Ya ce shi kansa ya yi, kuma ba mugunta ba ce, gajiya ce: wannan ya tsufa, wannan ta yi ƙiba, wannan idonsa bai kwanta masa ba.

Ta tambaye shi ko doka ta yarda da haka. Ya ce ya ji ana cewa a wasu ƙasashe ba a so, wani lauya ya taɓa ce masa an hana, wani ya ce ba a hana ba, shi dai bai sani ba.

"Ko akwai dokar, 'yata," ya ce, "ba ta taɓa shigowa ɗakin da muke farke ambulan ba."

Daga nan ta gwada aikawa babu hoto. Sau uku. Biyu shiru, na ukun aka turo mata saƙo a waya cewa takardunta ba su cika ba. Wannan ce kaɗai amsar da wani mai ɗaukar aiki ya taɓa ba ta, kuma ta daɗe ba ta goge saƙon ba.

Jikin shagonsu akwai rumfar Mai Hoto, wani siririn mutum mai surutu. Yana da farin ƙyalle a bango da kwat guda da nektai guda na aro, kuma yakan ce rabin ma'aikatan garin da kwat ɗinsa suka sami aiki, ya kamata a ba kwat ɗin fansho. Yana goge ƙuraje a kwamfuta, yana rage furfura, yana tada kafaɗar da ta faɗi. Tun shekarun baya ya ce mata, maƙwabciya, goge tabon nan a hoto minti goma ne. Ta ce masa fuskarta ce, ba kwat ba ce. Ya yi dariya, bai sake tada maganar ba. In ta zo ɗaukar hoto sai ya ce ta ja mayafi baya, ta kalli gaba sosai, ya danna da sauri ya ba ta a ambulan ba tare da ya duba ba.

Bana mai shagon ya ce zai rufe nan da wata biyu. Kowa a waya yake rubutunsa, injin kwafin ya gaji, kuma wani mai sayar da rigunan waya ya nemi wurin. Ya faɗa yana kallon bangon da ke hagunta.

A gida, ita da Inna suke ɗakin baya a gidan Yaya, wanda direba ne mai 'ya'ya biyar. Ba wanda ya taɓa gaya mata baƙar magana. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, takan ce Gwaggo ai gidanki ne. Amma Yatsu ta san bambancin wadda ke fita da safe ta dawo da leda a hannu da wadda ke zaune ana miƙo mata kwano. Shekararta talatin da tara. Ta san in ta zauna wannan karon, ta zauna ke nan.

A makon ne masinjan wani kamfanin rarraba magunguna ya kawo sanarwa. Suna neman mai shigar da bayanai a kwamfuta, a ɗakin ajiya na baya, inda ba mai ganin kowa sai kwalaye. Ta buga sanarwar da hannunta har layin ƙarshe. Da aka tashi cin abincin rana ta shiga rumfar Mai Hoto ta zauna a kan kujerar, ta ce masa minti goman nan.

Bai yi wasa ba ranar. Ya ɗauka, ya zauna gaban kwamfuta, ita tana tsaye a bayansa. Ya ɗebo fatar kuncin dama yana shafawa a na hagu kaɗan kaɗan, ya ɗaga gefen bakin ya daidaita. Tana kallo wata mata ta fito, mai kama da Inna a tsohon hotonta na ƙuruciya. Ba kyakkyawa ba ce can. Mace ce kawai, irin wadda za ka wuce a titi ba ka waiwaya ba. Ya wanke guda takwas, ya ƙi karɓar komai.

Kwana shida da aika takardun aka kira ta.

Matar Yaya ta goge mata kaya ta ara mata jaka. Yaya ya kai ta har ƙofar kamfanin kafin ya wuce lodi, yana ta cewa in ta zama babba kar ta manta da talaka direba. Su goma sha biyu ne a kan benci. Sakatariyar ta fito da fayil-fayil tana duba hoto tana neman mai shi, ta wuce Yatsu sau biyu, sai da ta kira lamba sannan Yatsu ta miƙe. Yarinyar ta kalli fayil, ta kalle ta, ta nuna mata kwamfuta.

Shafi uku aka ba kowa na sunayen magunguna da lambobi, minti ashirin. Yatsu ta gama a tara. Wanda ke kula da gwajin ya bi layi layi da biro yana neman kuskure bai samu ba, har ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. A lokacin ta ji wani abu a ƙirjinta da ta manta yadda yake, ta fara lissafa motar da za ta riƙa hawa da safe.

Manajan dattijo ne mai tabarau, mai taushin murya. Ya ba ta kujera. Ya yaba sakamakon. Sannan ya buɗe fayil ɗin, ya daɗe a shafin farko.

"Malama, wannan ke ce?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Yaushe aka ɗauka?"

Ta ga alamar jaje a fuskarsa. Ya zaci hatsarin sabo ne. Da ta ce bara, da wataƙila ya wuce. Amma ta shekara goma sha bakwai tana buga abin da aka ba ta yadda yake, bakinta bai iya ba.

"Mako biyu ke nan. Gyarawa aka yi."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce mata aikin nan na amana ne, abin da ke kan takarda shi za a shigar, ba ƙari ba ragi, lamba ɗaya in ta canza wani na iya shan abin da ba nasa ba. Ya ce wadda ta fara da sauya takardar da ta kawo, ba shi da bakin da zai kare ta a gaban manyansa. Ya ce da ta aiko da fuskarta yadda take, shi wallahi tabo bai dame shi ba.

"Na aiko," ta ce. "Bara da bara waccan. Da fuskata."

"Ban gan su ba."

"Na san ba ka gan su ba."

Ya mayar da tabarau. Ta ce masa in ta sa na gaskiya ba ya isowa teburinsa, in ba ta sa ba a ce takardu ba su cika ba, in ta gyara ta zama maƙaryaciya, to ya gaya mata wanne ya rage. Ya ce ƙa'ida ce, ba shi ya kafa ta ba. Ta duba fuskarsa ta ga da gaske yake, ba ya ƙin ta, har tausayinta yake ji. Da ya daka mata tsawa da ya fi mata sauƙi. Ya rufe fayil ɗin ya miƙo mata da hannu biyu. Ko za mu neme ki bai ce ba.

A ƙasa ta koma shago, tafiyar awa guda, takalmin fita yana cin diddigenta. Mai Hoto ya leƙo, ya ga fayil ɗin a hannunta, ya koma ciki. Baba Akawu ya ce lallai a rubuta ƙorafi, shi zai tsara. Ta tambaye shi wa za a kai wa, kuma a ce me, a ce ta yi ƙarya an kama ta? Ta ce can ɗin ma hoto biyu za su nema. Tsohon ya fara dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya bari.

An rufe shagon a ranar da aka faɗa. Inda teburinta yake a da, yanzu rigunan waya ne a rataye, masu ƙyalli. Tana gida. Tana wanki, tana duba wa yara aikin makaranta, wani lokaci maƙwabci ya kawo waya ta rubuta masa takarda da babban yatsa guda, tara suna hutawa.

Sauran hotunan shida ta jefa su a gwangwanin allura da zare. Nan Inna ta same su. Ba ta tambayi wace ce ba. Ta ɗauki ɗaya ta kai bakin taga ta daɗe tana kallo, sannan ta soke shi a kusurwar madubin ɗakinsu. Da safe in tana shafa mai takan tsaya a gabansa fiye da yadda shafa mai ke buƙata. Sau ɗaya Yatsu ta cire shi. Inna ta wuni tana ɗaga katifa tana zazzage jakunkuna, ba ta faɗi abin da take nema ba, ba ta ci abincin rana ba. Da la'asar Yatsu ta mayar da shi inda yake. Tun daga ranar a tsakar gida Yatsu take ɗaura ɗankwali, da lalube.

Makon jiya Yaya ya shigo da wata sanarwa da ya yago a jikin bangon tasha, ya ce wannan kam kamar don ita aka rubuta. Ta karɓa ta gode masa. Daga ƙasa ta fara karantawa. Layin yana nan, har da kuskuren bugu a cikinsa, wanda da ita ta buga da ba a yi ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta tokare ƙafar tebur da ke rawa, ta ci gaba da tsince shinkafa.