Irin Kuɓewar Baba Bawa

Baba Bawa ya shigo Jidda a shekarar 1975. Daga wani ƙauye kusa da Madarunfa ya taso bayan fari ya cinye musu gero, ya bi ta Chadi da Sudan, ya ƙetare teku. A cikin kayansa akwai wani ƙullin tsumma da mahaifiyarsa ta ɗaure masa, irin kuɓewar gidansu ne. Kuɓewa ce gajera, mai kauri, mai ƙaiƙayi a hannu, yauƙinta kuma ba a haɗa shi da na bamiya, wato kuɓewar da ake sayarwa a kasuwannin Jidda.

Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Nuzla, kuma akawu ne a wani sito a unguwar masana'antu ta Jidda, inda shi ma ya yi dako shekara huɗu. Ya sha gwada shuka irin a bayan ɗakinsa cikin tsofaffin garewani. Ƙasar gishiri, ruwan na tanka, fure yana fitowa zafi ya kakkaɓe shi. Da ƙyar yake samun 'ya'ya biyu ko uku da zai mayar iri.

Sauƙi ya zo lokacin da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta koma hannun wani sabon kafili, ubangidan da ke tsaya masa, Abdulghani, mai lambun rumman da inabi a kan duwatsun Ɗa'ifa. Can sama ba kamar Jidda ba ne. Da rani iska ce mai daɗi, da lokacin sanyi kuwa wani sa'in raɓa har daskarewa take yi a kan ganye. Abdulghani ya yanka masa kusurwar lambun ya ce ya yi abin da yake so. Shekara biyun farko sanyi ya kashe masa yawancin shukar. Daga nan ya gane wurin. Ya shuka yakuwa da rama da lalo da gauta, amma kuɓewar ce abin alfaharinsa. Duk ranar Alhamis yakan sauko da buhuna, matarsa Inno ta kasa a ƙofar gida, matan Nuzla da na Bani Malik su yi ta tururuwa. Wadda ta shekara ashirin ba ta ga gida ba takan ɗauki kuɓewar ta shinshina kafin ta yi magana.

Yana da wata al'ada da na ɗauka wasa ce. Ƙarshen kaka yakan bar wasu 'ya'yan su ƙosa su bushe a jikin uwar, ya bi gidajen masu saye ya ba kowace uwargida ƙwanso ɗaya. Yara sukan maida shi abin kaɗawa.

A 1990 ya ce in raka shi ranar shuka.

"Akawu, taho da littafinka. Ni ban iya boko ba, kuma tsufa ba ya sallama. Ka rubuta yadda ake yi."

Na tafi da sabon littafi. Na rubuta kwanan wata kamar yadda muke rubutawa a sito: uku ga Shawwal, 1410, wato kwana biyu bayan ƙaramar Sallah. Na rubuta kunya goma sha biyu, tazarar taku ɗaya, zurfin gaɓar yatsa biyu, ƙwaya uku a rami. Kafin ya fara, ya tuɓe takalmi ya tsaya a kan ƙasar da hantsi kamar mai sauraron wani abu.

"Me kake yi, Baba?"

"Tambayarta nake. In tafin ƙafata ya ji sanyi, iri ma zai ji."

Na yi dariya. Wannan ban rubuta shi ba, don ban ga gurbinsa a jadawalin da na zana ba. Haka kuma na ga ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na irin ya mayar cikin gwangwanin madara da toka, shi ma ban rubuta ba.

Cikin azumin 1998 ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi har ba a gane abin da yake faɗa. Ranar Sallah Inno ta miƙo mini gwangwanin.

"Malam Na'ibi, kai ne mai littafin. Kada shekara ta wuce ba a shuka ba, ka san abin da ke ransa ke nan."

Na buɗe littafi, na ga uku ga Shawwal. Na karɓi hutun kwana biyu, na hau mota.

Abdulghani ya tarbe ni sanye da rigar sanyi mai kauri. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya dube ni, ya dubi itatuwan rumman da babu ganye ko ɗaya a kansu.

"Yanzu? Ya akhi, bard, sanyi ake yi! Bawa ba ya shuka sai waɗannan sun yi ganye."

Na buɗe masa shafin, na ɗora yatsa a kan kwanan watan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Halas, kai ka sani."

Na shuka kunya goma sha biyu, takalmina a ƙafa har da safa. Bayan mako biyu na koma, ko tsiro ɗaya babu. Na ce wataƙila na zurfafa ramukan, na juye sauran irin da ke cikin gwangwanin na sake shukawa. Da na koma karo na uku na tona da yatsa, ƙwayoyin sun ruɓe, sun yi baƙi.

A cikin motar dawowa abin ya faɗo mini. Watan Shawwal na 1410 ƙarshen Afrilu ya kama, na 1418 kuwa farkon Fabrairu. Kowace shekara watanninmu suna matsowa da kwana goma sha ɗaya. Na san wannan tun ina yaro, na yi azumi cikin zafi, na yi cikin sanyi. Amma a sito ba damina ba rani, kwanan wata lamba ce da ake bugawa a takarda, ni kuma na amince da ita fiye da sanyin da ke ratsa yatsuna.

Wata huɗu ban faɗa ba. In Inno ta tambaya sai in ce, "Ana nan ana ban-ruwa." Na koma bin wani lungu don kada in wuce ta ƙofarsu. Da lokacin ɗiba ya yi na aikata abin da ya fi komai ba ni kunya, na sayi bamiya a kasuwa, na zaɓi gajeru, na kai mata a buhu.

Ta ɗauki ɗaya ta murza a tafin hannu.

"Malam Na'ibi, wannan 'yar Masar ce. Santsinta kamar an aske ta. Ni za ka kawo wa? Yalla, shiga ka faɗa masa da bakinka."

Yana kwance a kan katifa, maganarsa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da shukar ta biyu. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Ka tuɓe takalmi?"

"A'a, Baba."

"Duka ka zuba?"

"Duka."

Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, bai iya sharewa ba. Inno ta share masa da bakin mayafi. Na so ya zage ni, bai zage ni ba. Ya ce, "Gidaje. Je ka tambaya." Sai a lokacin na gane abin da ƙwanson nan da yake rabawa yake nufi.

Gida ashirin da uku na shiga cikin mako shida, kuma a kowane gida sai na maimaita abin da na yi, don ba wadda za ta tashi neman tsohon ƙwanso ba ta ji dalili ba. Wasu yara sun fasa nasu, wasu kyankyasai sun cinye, wasu an zubar ranar ƙaura. Labari ya riga ni isa. A wani gida ina sallama na ji ana cewa, "Ga akawun da ya shuka kuɓewa da kalanda."

A Bani Malik na samu, a wurin Hajiya Mastura, wata dattijuwa daga Hausawan Sudan. Ta sa na ba ta labarin sau biyu, na biyun don ƙanwarta ta ji.

"Ya salam! Duk karatun nan, ba ka ji sanyi a hancinka ba?"

Sannan ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da ƙwanso ɗaya naɗe a tsohon ɗankwali, na shekara uku da suka wuce. Ta riƙe shi ba ta sake ba.

"In ka kashe wannan, ya waladi, kada ka ƙara bi ta unguwar nan."

Ƙwaya arba'in da ɗaya ne a ciki. Lokacin shuka ya riga ya wuce, sai muka jira shekara ta zagayo. Tun daga Maris na 1999 nake hawa duk Juma'a, in tuɓe takalmi in tsaya, Abdulghani yana kallona yana murmushi. Sau biyar ina komowa da gwangwanin a rufe. A ta shida rumman ya yi ganye, ƙasar kuma ta yi ɗumi a tafin ƙafata. Na shuka ashirin da bakwai, na rage goma sha huɗu. Bakwai suka tsiro.

Baba Bawa ya hana a ci ko ɗaya a wannan shekarar, ya ce duk a bar su su ƙosa. Ɗaya kawai na tsinko ɗanya na kawo masa. Ya riƙe ta da hannunsa mai lafiya, ya goga a kumatu, ƙaiƙayin ya sa ya yamutsa fuska.

"Ita ce," in ji shi.

Ya ci miyarta a kaka ta gaba, ya rasu a 2001. Inno ta koma Maraɗi wurin 'yarta da rabin irin. Sauran yana wurina, kuma har bana, 2012, ana shuka shi a kusurwar lambun. Ƙarshen kowace kaka ina bin gidaje da ƙwanso, gidan Hajiya Mastura nake fara zuwa. Shafin uku ga Shawwal yana nan a littafin, ban yage shi ba. A ƙasansa na ƙara layi biyu da jan biro: a tuɓe takalmi, a rage kashi ɗaya cikin uku.