Ranar da Konsikwans Ya Zo wa Shitu

Duk Tudun Kaya babu wanda Turanci ya wahalar kamar Shitu, babu kuma mai sonsa kamarsa. Aji huɗu ya yi a firamare, ya fito da biro ɗaya a aljihu da bakin da ya fi na lauya. Tun daga nan ya zama mai karanta wa gari wasiƙa. In takarda ta zo da Hausa, sai ya ɓata rai kamar an ba shi tuwo gaya. In da Turanci ce, sai ya gyara zama ya yi tari uku. Komai a wurinsa rizal ne, wato sakamako. Damina ta yi kyau, rizal. Matarsa Saude ta ƙona miya, wannan ma rizal ne na yawan surutu.

Shekarar da ake aikin dam a ƙasar Karaye, kalma ɗaya ce a bakin kowa, kwamfanseshan, wato diyyar wanda aka karɓi gonarsa. Shi kuwa Shitu gonarsa tana kan tudun da ko ruwan Ɗufana ba zai kai ba. Haushin abin har ya ramar da shi.

To, gonar tana jikin burtali, hanyar shanu, kuma kowace damina sai ya ci kunya biyu a ciki, har burtalin ya koma kamar tsagar kitso. Rannan sai ga takarda da Turanci daga wani ofis. Ya tsinci kalmar gona, ya tsinci sati biyu, sannan ya ci karo da wata doguwa mai farawa da ka, konsikwans. Nan take ya yanke cewa ƙanwar kwamfanseshan ce.

Saude ta ce ya kai wa malamin makaranta ya duba. Ya ce in ana maganar boko ta riƙa kama bakinta. Maƙwabcinsa Lukumanu, wanda shi ma ya samu irin takardar, ya kai an karanta masa, ya je ofis ya ba da haƙuri, aka ɗaga masa ƙafa har ya cire gyaɗarsa. Ya zo ya gaya wa Shitu gargaɗi ne a fita daga burtali, konsikwans kuwa shi ne abin da zai biyo baya in an ƙi. Shitu ya ce hassada ce, so ake ya tashi a raba rabonsa.

Sati biyu cif ya yi yana zaman bakin hanya da wankakkiyar riga, duk ƙurar da ta tashi sai ya miƙe.

Ran na goma sha biyar ma'aikata suka zo, suka tuge shingensa, suka kafa turaku ta tsakiyar gyaɗar da saura kwana ashirin a cire. Bai damu ba. Ya matsa kusa da babbansu ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, konsikwans ɗin fa, a nan za a bayar ko sai na zo?"

Mutumin ya dube shi, ya dubi garken shanun wani makiyayi, Hammawa, da ya riga ya kunno kai.

"Malam, ai ga shi nan tafe da ƙahonsa."

Shitu ya tsaya yana kallon shanu suna bi ta kan gyaɗarsa. Ya buɗe baki zai yi Turanci, ko ɗaya bai zo ba. Da Hausa ya yi salati, da Hausa kuma ya aika a kira Saude ta zo da kwando su tsinci abin da kofato ya bari.