Ƙullin da ke Saiwar Tumatir

Tumatir ɗina ya mutu, aka ce maƙwabciyata ce ta kashe shi. Wannan ƙarya har yau ban yafe ta ba.

Lambuna yana bayan gidanmu a Mahuta. A shekarar, rana na ɗagawa sai tumatir ya langaɓe kamar ban ba shi ruwa ba. Na tumɓuke guda, sai ga saiwar duk ƙulli-ƙulli. Na kai ta zumuntar mata a coci, ko wata ta taɓa gani.

Uwar zumunta ta ja da baya. "Ƙulli ne! An ƙulle miki lambu!"

Kafin a rufe addu'a har an samo mai ƙullin: tsohuwar da muke katanga ɗaya, 'yar Binuwai, mijinta ya rasu, Hausarta kuma ba ta isa ta kare ta ba. Aka daina amsa gaisuwarta. Aka fara maganar a sa mai gidan haya ya kore ta.

Ni sai da na aurar da 'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma a can na koyi cewa tambaya ba ta cizo. Na naɗe saiwar a leda, na hau Keke zuwa Barnawa, wajen wata malamar aikin gona da ke sayen alayyafona. Ta tafi da ni wurin aikinsu, ta sa ni leƙa madubin da ke ƙara girman abu. Tsutsotsi ne, sirara kamar gashi, suna motsi. Ta ce su ke shiga saiwa ta kumbura, ruwa ya kasa hawa.

Ta nuna mini maganin da suke gwadawa, wai nano: azurfa ce da aka haɗa da ruwan ganyen dogon yaro, ƙwayoyinta sun fi tsutsar ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

"Mama, ba mu gama ba. Wataƙila ya yi, wataƙila bai yi ba, kuma abin da ya fito ba a ci sai mun auna. Wurin gwaji muke nema."

Da na faɗa a zumunta, Uwar zumunta ta yi dariya. "Abin da ba a gani ya kashe abin da ba a gani? To bokon naki da asiri mene ne bambancinsu?"

Na ce, "Mama, ni na ga tsutsar da idona. Ke kin ga hannun tsohuwar a lambuna?"

"Iyye! Daga koyon A B C!"

"A B C ɗin ce ta kai ni Barnawa. In za a kori tsohuwar, a haɗa da ni."

Washegari na kira malamar na ce ta zo, na ba ta fangali biyu a lambuna ta yi gwajin. Sannan na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar, na miƙa mata garwar ban-ruwa. Na kama hannunta muka bi ta bakin titi, ta gaban gidan Uwar zumunta, muka shiga lambun tare.