Kwana Uku a Kan Ƙusa

Mai Agogo mutum ne da zama ba ya karɓarsa. In ka gan shi a zaune, to gilashin gyara na maƙale a idonsa na dama, hantsaki na hannunsa, ƙafa ɗaya kuma tana rawa a ƙarƙashin tebur kamar ta tela a kan keke. Shekara ashirin da biyu yana gyaran agogo a ɗan shagon da ke jikin gidansa, kuma duk layin sun san dokarsa, har tsokanarsa suke yi da ita. Agogon da aka kawo yau, ba ya buɗe shi yau. Sai ya ɗaura masa 'yar takarda ya rubuta sana'ar mai shi, ya rataye shi a ƙusa kwana uku, safe da yamma yana duba ko gudu yake yi ko ja da baya. Mai sauri ya nemi wani shagon. Abin dariyar shi ne, haƙurin nasa a agogo kaɗai ya tsaya. Shayi ma a tsaye yake sha, kullum sai ya ƙona harshe.

Autarsa shekararta tara, tana maimaita aji uku, har yanzu ba ta iya karanta layi guda sai an ja ta. Yayyenta biyu sun gama makarantar nan ba a taɓa kiransa ba. Ita kuwa kowace safiya sai ciwon ciki. Sau biyu ana kai ta asibiti a ce lafiyarta ƙalau, ciwon kuma ya san ranakun hutu sarai, ba ya leƙowa. Ranar da malamar ajin ta ce, a gabanta, cikin tausayi ma ta faɗa, "Wataƙila iyakarta ke nan," Auta ba ta yi kuka ba. Ta dai yi kwana biyu ba a ji muryarta a gidan ba. Wannan shirun ne ya hana uban sakat.

"Maman Auta, cire ta zan yi," ya ce da matarsa da safe, yana kai-komo a bakin ƙofar ɗaki. "Ni zan koya mata a gida."

Matar ma'aikaciyar jinya ce, mace mai auna magana kafin ta sake ta. Sai da ta gama ɗaura agogonta sannan ta ɗago.

"Kai? Kai da ba ka iya jiran ruwa ya tafasa?"

"Ni ɗin."

"To, wata ɗaya na ba ka, Baban Auta. Ranar da ya cika zan buɗe littafinta inda na ga dama, ta karanta min shafi guda. In ta kasa, aji za ta koma, da ciwon cikin da komai. Ba zan zuba ido 'yata ta tashi ba ta nan ba ta can ba."

Kafin azahar ya shigo da ƙaramin tebur da kujera cikin shago. Ya kafa baƙin allo a bango, ya zana jadawali da rula, ya jera agogon tebur uku masu ƙararrawa: ɗaya na shiga darasi, ɗaya na hutun tara, ɗaya na tashi. Har kayan makaranta ya ce ta riƙa sakawa, wai don jikinta ya san ba wasa ake ba. Ma'ana dai, makarantar da ya ciro yarinya daga cikinta ita ya ɗauko ɗungurungum ya kawo gida, sai dai wannan malamin ya fi waccan malamar gajen haƙuri nesa ba kusa ba.

"Karanta nan."

Auta ta ƙura wa shafin ido. Leɓenta ya fara motsi, bai kai ga fitar da sauti ba uban ya ƙarasa mata kalmar. Ta biyu ma haka. Ƙararrawa ta kaɗa, ta zabura har fensir ya faɗi. Da yamma ya duƙufa a waya yana neman dabara, gari na wayewa ya zo da sabuwa. Yau waƙar baƙaƙe, gobe katuna masu launi, jibi rubutu a cikin yashi a faranti. Ba wadda ya bari ta kwana biyu. A rana ta tara ciwon cikin ya dawo, kuma wannan karon babu malamar da zai ɗora wa laifi. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai iya faɗa wa matarsa ba.

A rana ta goma sha bakwai wani direba ya shigo da agogo, yana so a buɗe masa nan take.

"Ban san ciwonsa ba tukuna," in ji Mai Agogo, maganar da ya faɗa ta fi sau dubu. "In na sa masa sukundireba yanzu, sai na taɓa inda yake lafiya. Bar shi a ƙusa, ka dawo bayan kwana uku."

Daga can kan ƙaramin tebur, da haɓa a kan littafi, Auta ta ce, "Baba, ni ma ka rataye ni mana."

Direban ya tafi yana dariya. Mai Agogo bai yi dariya ba. Ya daɗe a tsaye da agogon mutumin a hannu, kunya ta rufe shi. Sai ya kashe ƙararrawar nan uku, ya juya allon ya fuskanci bango, ya ce ta je ta cire kayan makaranta.

"Me za mu yi, Baba?"

"Ba komai. Ki yi abin da kika ga dama, a nan cikin shago."

Saura masa kwana goma sha uku, ya ɗauki uku ya ba iska. Bai taɓa ganin kwanaki masu tsawon waɗannan ba. Ya share shagon da bai yi datti ba, ya ƙona harshe sau huɗu a rana ɗaya, ya ɓatar da wani ɗan sukuru ya shafe awa yana rarrafe yana nema. Da matarsa ta dawo aiki ta tambayi abin da suka karanta, ya ce ba komai, ta yi masa wani kallo ta wuce ciki.

Amma ta wutsiyar ido yana duba 'yarsa safe da yamma. Ya lura ba ta zama, sai dai ta yi ta zagaya babban tebur, yatsa ɗaya na bin gefensa. Rana ta biyu mai kifi ta zo karɓar agogonta yana tsakiyar aiki, kafin ya miƙe Auta ta je bango ta juya takardun ɗaya bayan ɗaya, ta ciro na daidai. Ya ce a ransa ƙila agogon ta gane. Rana ta uku sai ya rataye wani tsohon agogo da ba na kowa ba, da sabuwar takarda, ya koma ya sunkuya kamar bai san an yi ba. Can ya ji ta tsaya, tana raɗa.

"Mai… as… ki. Mai aski. Baba, yaushe mai aski ya zo?"

Ya ajiye hantsakin, ya juyo.

"Auta, yaya kika karanta wannan, amma na littafi suke gagararki?"

"A littafi sun yi yawa. In na kama ɗaya sai sauran su taso min." Ta saki takardar. "Kuma kana kallona."

Maganar ƙarshen ce ta soke shi. Ya cire gilashin idonsa yana jujjuya shi. Shi ma ai da ba don gilashin nan ba, da yake rufe masa komai ya bar masa ƙarfe ɗaya tal, da bai iya gyara ko agogo guda ba. Ya yago kwalin batir, ya sa reza ya huda masa 'yar taga daidai tsawon kalma.

Kwana goman da suka rage a tsaye ta yi su. Littafi a kan babban tebur, kwali a kan shafi, tana jan tagar daga kalma zuwa kalma, in ta kai ƙarshen layi ta zagaya tebur sau ɗaya ta dawo. Shi kuwa ya juya mata baya yana aikinsa, ya danne ƙotar sukundireba da haƙora don kada bakinsa ya riga ta. Har yau shatin haƙoransa na jikin ƙotar.

Ranar da wata ya cika, uwar ta shigo shago cikin farin kayan aiki, jaka a kafaɗa, saura ƙasa da rabin awa motar ma'aikatan asibiti ta zo ɗaukarta. Ta buɗe shafi mai layi goma sha huɗu. Ta kalli kwalin, ta kalli mijinta da ya juya baya da ƙarfe a baki.

Auta ta fara. Muryar ƙarama ce, tana tuntuɓe tana tashi. Layi ɗaya, ta zagaya. Layi biyu, ta zagaya. Ƙafar Mai Agogo na rawa har ƙananan sukurori suna tsalle a faranti. Minti ashirin da biyar suka tafi a layi bakwai, rabin shafi ke nan, kuma a farkon na takwas wata doguwar kalma ta tare ta. Daga bakin titi motar ma'aikata ta danna hon. Uwar ta duba agogon hannunta. Auta ta ga duban, hannunta ya sauka a hankali ya dafe ciki.

Uwar ma ta ga hannun. Ta tsaya kallonsa har motar ta sake danna hon. Sai ta kwance agogon, ta miƙa wa mijinta ba tare da ta waiwaya ba.

"Baban Auta, rataya min wannan a ƙusa."

Ta sauke jakarta, ta ja ƙaramar kujerar nan ta zauna, ta juya fuskarta bango kamar yadda ta ga ya yi.

"Muna layi na takwas, Auta. Zagaya ki dawo, ina ji."