Jinin da Ɗan Tunkiya Ya Shanye

Baba Mai Tumaki a garken likitocin dabbobi ya tsufa. Shara, zuba dusa, da riƙe ƙafar tunkiya idan za a yi mata allura, aikinsa ke nan. Ba shi da yawan magana. Matarsa ma cewa take da tumaki kaɗai yake hira.

Ranar da ya fara ganin abin, saura kaɗan ya saki ƙafar. An kwantar da tunkiya mai ciki, an aske mata mara, likita ya soka wata doguwar allura har ta tarar da ɗan da ke ciki. Sai ya ɗura masa jini, ba a jijiya ba, a kogon cikinsa.

"Likita, jini ya kwanta a ciki ai ajali ne," in ji Baba. "Na feɗe dabba ba ɗaya ba, ba biyu ba."

"Jikinsa zai shanye, Baba, ya shiga jijiya."

"Ya shanye? Sai ka ce soso!"

Ranar nan ko loma ɗaya bai kai baki ba. Amma da tunkiyar ta haihu, sai ga ɗa ya miƙe yana tangaɗi yana laluben nono. Baba ya matsa cikinsa, ya sake matsawa, babu kumburi. Ya yi ta salati. Wasu 'ya'yan tumakin da aka yi wa haka kuwa ba su zo da rai ba, shi ya haƙa musu rami a bayan garke.

Ana nan, autarsa, wadda ta sha haihuwa babu rai, ta sake samun ciki. Ya raka ta asibiti tare da mijinta. Likitar mata ta ce jinin jaririn yana ƙarewa, sai an ƙara masa tun yana ciki, da allura ta mara, kamar yadda aka gwada a kan tumaki.

Nan take Baba ya gane. Ashe don mutane ake ta soke tumakin nan!

Surukin ya zabura. "Baba, kana ji? Matar tawa tunkiya ce?"

Ita kuwa ubanta ta duba. "Baba, kai ka gani da idonka. Suna rayuwa?"

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Ba duka ba, Auta."

"Idan aka bar shi haka fa?" ta tambayi likitar.

Likitar ta girgiza kai.

Auta ta hau gadon, ta kwanta, ta miƙo masa hannu.

"To zo ka riƙe ni yadda kake riƙe su."

Ya kama. Ya riƙe gam, likitar ta ɗauko allurar.