Tukunyar Baƙo, Daga Bukuru Zuwa Malesiya

Ni ɗan kasuwa ne. Injinan mota na gwanjo nake sayarwa a Laranto, kuma ba ni da ɗabi'ar zama ina tuna baya. Amma duk yammacin da sanyin Jos ya sauko, na shaƙi ƙamshin gawayi daga teburin mai shayin da ke gefen shagona, sai in ji kamar ina zaune a ɗakin kakata Iya Tabawa a Bukuru.

Aikin kuza ne ya kawo ta Bukuru tare da kakanmu. Shi yana haƙa, ita tana soya masa tana sayar wa leburori. A bakin tanda ta koyi gaisuwa da Birom da Angas da Ibo da Yarabanci, kuma har ta tsufa ba ta wuce mutum ba tare da ta gaishe shi da harshen uwarsa ba. In an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo kaskon wuta tsakiyar ɗaki, mu jikokinta mu kewaye shi, kowa ya binne dankalinsa cikin toka. Ba mu kaɗai ba ne. Pam, ɗan maƙwabciyarmu Ngo Chundung, kullum yana cikinmu, har yana da gurbinsa kusa da ƙofa. Su Kiristoci ne, mu Musulmi, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ta rushe ta gefe guda ba wanda ya damu ya gyara.

Wata rana na bi Pam gidansu aka zuba gwaten acca. Shi da ƙannensa suka haɗu a babban kwano ɗaya. Ni kuwa sai Ngo ta taka kujera, ta sauko da wata langa mai zanen jan fure daga saman kabad, ta zuba min daga wata 'yar tukunya daban. Kullum haka take yi, amma ran nan ne idona ya buɗe a kai. Na ture langar, na fito ina kumbure-kumbure.

Iya na ganina ta ce, "Mai gidana, wa ya taɓa min kai? Faɗa min in ɗaura ɗamara."

Na ce, "Ngo ce. Ba ta son in sa hannu a kwanonsu. Ƙyamata take yi."

Da yamma Pam ya shigo ya zauna a gurbinsa, ni kuma na juya masa ƙeya. Iya ta gyara garwashi da tsinke, ta dube mu duka biyun, ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk taɓo."

Muka ce, "Ta shigo ta ji ɗumi." Haka muke amsa mata kullum.

Ta ce an yi wani falke mai gishiri, wanda ya ji labarin wata ƙasa can bayan kurmi inda gishiri ke da daraja. Ƙasar ba ta san sanyi ba. Ruwa ake yi kowace rana, ganye ko'ina, in ka jefar da ƙwallon mangwaro yau, gobe ka dawo ka tarar da inuwa. Jama'a iri uku ne a cikinta. Mutanen kogi ba sa cin kifi, mutanen dutse ba sa cin akuya, mutanen kurmi ba sa shan zuma. Harsunansu daban, bukukuwansu daban, amma kasuwarsu ɗaya. Kuma a ƙofar kowane gida akwai wata tukunya a rataye, an rufe bakinta da faifai.

Falke ya loda jakuna ya isa. Ya sauka gidan wani mutumin kogi. Mai gida ya tambaye shi abin da yake ci da abin da ba ya ci, sannan aka sauko da tukunyar nan ta ƙofa, aka hura wuta ta biyu, aka dafa masa nasa daban. A nan Iya takan kumbura kumatu, ta yi muryar falke: "Ni kuturu ne da za a ware min tukunya? A garinmu hannu goma ke shiga akushi ɗaya." Ya kaɗa jakunansa ya tafi gidan mutumin dutse. Nan ma aka sauko da tukunyar ƙofa. Gidan mutumin kurmi ma haka. Sai ya yi fushi da ƙasar baki ɗaya, ya je gindin wata bishiya ya zauna, ya ce ba zai kwana ƙarƙashin rufin wanda ke ƙyamarsa ba.

"To, me ake yi kullum a ƙasar?" in ji Iya.

Pam ya ce, "Ruwa."

"Me ke kan jakuna?"

Muka haɗa baki, "Gishiri."

Ruwa ya yi ta dukan kaya, falke yana ta fushi. Can wata tsohuwa mai itace ta zo wucewa, ta ji ƙorafinsa, ta ce masa, "Kai baƙo, wanda bai damu da kai ba, daga tukunyarsa zai ɗebo maka, ka ci abin da ka ci, ba ruwansa. Wancan da ka gani, itace biyu aka ƙona saboda kai." Falke ya tashi da gudu zai koma ya ba da haƙuri. Ya ɗaga buhu ya ji shi sakayau. Gishiri ya bi ruwa.

"Jakuna ne kaɗai suka ci riba," in ji Iya, "don sun koma gida ba kaya, suna ta tsalle. Ta ƙare, wuta ma ta kusa, kowa ya tono dankalinsa."

Muka yi ta dariyar falke. Ni abin da na ɗauka a lokacin shi ne kada mutum ya bar gishiri a ruwa. Na dai raba dankalina da Pam, don nasa ya ƙone, washegari kuma yunwa ta mayar da ni gaban langa mai jan fure.

Shekaru suka wuce. Iya ta rasu, mun bar Bukuru, garin Jos ya ga abin da ya gani, unguwanni suka rarrabu. Na fara da wankin injin a shagon wani, na koma dillanci, har na buɗe nawa. Da na gaji da sayen kaya hannu na uku daga Legas, sai na haɗa jari da abokina Sabi'u muka hau jirgi zuwa Malesiya, inda aka ce mana akwai manyan filaye na motocin da ake yankawa biyu a sayar da gabansu.

Muna fita daga filin jirgi zafi ya rungume mu kamar an rufa mana jiƙaƙƙen bargo. Mutumin Jos bai san wannan ba. Kowace la'asar sama takan buɗe, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, a ɗauke, gari ya ci gaba da harkarsa. Hanya duk gonakin kwakwar manja ne, iya ganinka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mutanen. A titi ɗaya za ka ga masallacin Malayu, gaba kaɗan wurin ibadar 'yan Sin da jajayen fitilu, ka ƙara gaba ga na Indiyawa da gumaka masu launi har saman rufi. Mai shayinsu yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa kamar namu na Laranto. Na ci shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, na ci wata a kan ganyen ayaba, na koyi tuɓe takalmi a ƙofar kowane gida, na kuma koyi cewa da babban yatsa ake nuna abu. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, warinsa kamar an manta albasa a mota. Sabi'u ya gudu, ni na daure na ci, kuma ban yi nadama ba.

Wanda muka je nema wani tsoho ne ɗan Sin, sunansa Tan, mai babban fili a Kelang. Kowa ya gaya mana injinan kirki suna rumbunsa na baya, kuma ba ya buɗe wa wanda bai sani ba. Muka yi ta zarya. Kullum sai ya ba mu shayi, ya tambaye mu labarin ƙasarmu, ya nuna mana tarkacen gaba, ya sallame mu. Bizarmu tana ƙarewa, kuɗin masauki yana cin jarin. In muka koma da tarkace ko hannu wofi, shagona ba zai kai wata shekarar ba, na san wannan sarai.

Ana haka sai sabuwar shekarar 'yan Sin ta zo. A ƙasar, ranar bikin kowace ƙabila mutum yakan buɗe gidansa, maƙwabta na kowane addini su shigo su ci. Tan ya ce mu zo.

Muka tarar da gida cike, yara sanye da ja, lemo a ko'ina. Dangi sun kewaye wani babban teburi, kowa yana kai tsinken cin abincinsa cikin faranti ɗaya ana ta shewa. Matar Tan ta tare mu da fara'a, ta wuce da mu gaban wannan teburin, ta kai mu wani ƙarami a baranda, da nasa farantai da nasa cokula.

Fuskar Sabi'u ta canza. Ya ce min ƙasa-ƙasa, "Hamisu, ka gani ko? Baƙar fata ce. Sun ajiye mu a waje kamar masu tari. Wallahi ba zan ci ba. Tashi mu tafi, injinsa ɗin banza."

Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya sosa min rai, har na dafa gwiwa zan miƙe. Sai na hango wani teburin a ɗaya gefen barandar, wani Ba'indiye da iyalinsa suna cin nasu, ba nama a ciki. Na dubi ƙofar da abincinmu ke fitowa. Ba daga kicin ɗin gidan ba ne, ta ƙofar maƙwabta wata mata mai lulluɓi take shigowa da shi. Na ɗaga farantin gabana na juya. Takardar shago tana manne a gindinsa, ko ɓare ta ba a yi ba.

Na ce, "Sabi'u, zauna. Itace biyu aka ƙona saboda mu."

"Wane itace kuma? Gas suke amfani da shi."

"Zauna dai, Alhaji. Gishirinmu na kan jaki."

Ya dube ni kamar zafin ƙasar ya taɓa min kai, amma ya zauna. Na yi bisimilla na fara ci. Ba a jima ba sai ga tsoho Tan ya baro teburin danginsa, ya jawo kujera ya zauna tsakaninmu, ya ɗebi namu. Ya ce matarsa ta roƙi maƙwabciyarsu Musulma ta dafa mana a gidanta, don tukwanensu sun saba da naman alade. Ya ce ya sha gayyatar baƙi, wasu ba sa zuwa, wasu su zo su riƙe kofin ruwa har su tafi. Na ba shi labarin falke da jakuna. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya sa na maimaita wa matarsa. Sabi'u kuwa, wanda ya rantse ba zai ci ba, sai da ya nemi ƙari, ni kuma na tuna masa akwai kaffara a kansa.

Da aka koma aiki bayan hutun, Tan da kansa ya ɗauko mabuɗin rumbun baya. Har yau daga wajensa nake sayen kaya.

A jirgin dawowa ban yi tunanin injin ba. Langa mai jan fure nake ta gani. Ngo Chundung ba mai hali ba ce, da kayan lambu take riƙe gida, amma ta sayi tukunya da langa ta ajiye a saman kabad saboda ɗan maƙwabta, ta hana 'ya'yanta taɓawa. Na tuna kuma duk Kirsimeti babana take kira ya yanka musu akuya, don mu ma mu ci. Iya ba ta taɓa yi min wannan bayanin ba. Ta san yaro ba ya jin bayani, sai ta ba ni jakuna in riƙe har in girma.

Da kayana suka iso na shiga mota na tafi Bukuru. Pam, wanda yanzu malamin makaranta ne, ya kai ni wajen Ngo. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa fuskata, ta ce, "Wannan mijin Tabawa ne? Kai, ka yi tumbi. Ka ci abinci?"

Na ce, "Ngo, ban ci ba."

Ta juya wajen ɗanta ta ce, "Pam, hau kujera. Langarsa tana nan a sama, bayan fitila. Ka wanke ta da kyau, ta daɗe."